Gudu a Wuri Ɗaya

Likita ta ɗaura mini ƙyalle a dantse,
ta matsa, ta saki, ta dubi allo,
ta ce, "Baba Tanimu, jininka ya hau,
zuciyar nan tana so ka motsa."
Na ce, "Shekara talatin ina motsi a Kakuri."
Ta ce, "Tun yaushe masaƙarku ta rufe?"
Na yi shiru.

Hindatu ce ta biya, ba ni ba,
kuɗin cefanen mako guda cur.
Ta sayo mini takalmi fari fat kamar na ɗan firamare,
ta ce wurin yana Barnawa, hawa na biyu,
saman shagon mai katifa.

Sai na tare napep, na biya kuɗin mota,
don in je in yi tafiyar ƙafa.
Ka ji fa.
Direban ma da ya ji, sai da ya waiwayo.

Madubi ya cinye bango guda.
Ga ni a ciki, tumbi ya riga ni shiga.
Ishaya, yaron da ke kula da wurin,
ya ɗora ni kan wani bel, ya danna,
ƙasa ta fara zamewa daga tafin ƙafata.
Minti ashirin ina tafe,
taga ɗaya, bishiyar mangwaro ɗaya,
ban wuce ta ba.
Allo ya ce na ci kilomita biyu.
Kilomita biyu zuwa ina?

Ta tagar nan nake hango Mato mai ga-ruwa,
jarka goma sha biyu a kura,
ya sa ƙirji yana tura ta hawa.
Shi guminsa biyansa ake,
ni nawa ni ke biya.
Ran nan ya ɗago ido muka haɗu,
na ɗaga masa hannu,
saura kaɗan bel ya watsar da ni.

Gefena Madam Rifkatu ta banki
tana taka keken da ba ya barin inda yake.
Ta ce, "Baba, na ga kana dariya.
Nuna mini titin da mace za ta yi gudu da asuba
ba a raka ta da ido da baki ba.
Nuna mini gefen hanyar da motoci suka bar mana."
Na haɗiye dariyata.

Ranar Talata aka ɗauke wuta.
Bel ya tsaya cak, janareto ya yi tari ya mutu,
muka yi cirko-cirko cikin gumi
kamar waɗanda jirgi ya bari a Rigasa.
Na rataya tawul, na sauko.
Napep uku suka yi mini hon, na ce su wuce.
Na bi gefen kwalta, na hau gada,
kogi a ƙasa ja wur da ruwan damina,
wani a kwalekwale yana janyo koma,
iska ta cika mini riga.
Sai da na shigo Tudun Wada na farga
ban tsaya dafa gwiwa ba ko sau ɗaya,
ni da wata biyu baya
matakalar masallaci ma sai na huta a tsakiya.

To wa zan gode wa?
Bel ɗin da ya koya wa ƙirjina juriya,
ko wanda ya ɗauke wutar?

Likita ta sake ɗaura ƙyallenta,
ta ce ya ɗan sauka, a ci gaba.
Ba ta tambayi inda aka zubar da gumin ba.
Hindatu na son jin ko ta biya na wata mai kamawa,
na ce ta bari sai na yi shawara da gwiwoyina.

Takalmin dai ya daina fari.
Yana bakin ƙofa, jar ƙasa har igiya.
Ishaya ya kira sau biyu tun safe,
wai wuta ta dawo.